Hayaniyar da Kunne Ba Ya Ji

Malam Muntasir ya tanadi amsarsa tun kafin a yi masa tambayar. Ya tanade ta ne ranar da aka kai matarsa Hajo makwancinta, yana tsaye a bakin kabari ana mayar da ƙasa. Tun daga ranar yake juya ta a baki kamar ɓarin goro mai ɗaci, bai haɗiye ba, bai tofar ba. Ya san ɗansa Suhail zai taso daga ƙasar Chile inda yake aiki, ya kuma san abin da zai tambaya: me ya sa uwarsa ta yi jinyar watanni ba wanda ya gaya masa? Amsar ba ta da tsawo. Kai ka ce kada a yi maka hayaniya.

Nahawun Larabci Malam ya koyar a sakandare har ya yi ritaya. Abin da ya fi gwaninta a kai shi ne ya bar ɗalibi ya yi ta zuba har ya ƙure kansa, sannan ya tsinto kalma ɗaya daga bakinsa ya miƙa masa a gaban aji. Haka ya yi niyyar yi wa ɗansa.

Maganar ta faro ne daga wata waya. Suhail ɗan fari ne, saboda haka Hajo ba ta kiran sunansa, ba ta kuma yi masa tambaya kai tsaye. Mutumin Nesa take ce masa. Idan ya kira, ƙanwarsa Radiya ce ke riƙe wayar, Hajo na gefe tana tsintar shinkafa kamar ba ruwanta, alhali rabin tsakuwar a tukunya take ƙarewa. Ran nan ta ce wa Radiya, "Tambaye shi, wai aikin me yake yi a kan dutsen nan da ba ya ƙarewa? Mata na tambayata a gidan biki, sai in tsaya ina kame-kame."

Muryar Suhail ta fito da gajiya da 'yar dariya. "Ki ce wa Inna da hayaniya nake yaƙi. Idon kyamara muke ƙerawa na kallon taurari. Hayaniya kaɗan idan ta shiga, aikin wata guda ya tashi a banza."

A daidai lokacin Gwaggo Ladi, yayar Malam da ke zaune a gidan tun rasuwar mijinta, tana dakan gero. Awaki na kuka a turke, rediyon maƙwabta na zabga waƙa, mai manja na kwaɗa sallama a zaure. Hajo ta ɗaga hannu ɗaya. Taɓaryar Ladi ta tsaya a sama.

Daga ranar doka ta kafu a gidan. Ba mai kiran Mutumin Nesa, sai dai shi ya kira. Idan ya kira, a ajiye taɓarya, a watsa wa awaki harawa su rufe baki, a tura wa maƙwabta su rage rediyo. Hajo da ake jin dariyarta tun daga bakin rimin unguwa ta koma yin magana ƙasa-ƙasa, gaisuwa biyu, addu'a ɗaya, sai ta ce wa Radiya, "Sallame shi haka nan, kada mu ɓata masa aiki." Malam bai ga aibun dokar ba. Ya taɓa shiga ɗakin gwaje-gwaje a jami'a, ya ga yadda ake tafiya saɗaf-saɗaf. Ban da haka, shi ma yana son shiru, kuma bai taɓa samunsa a gidansa ba sai da ɗansa ya aiko da shi daga wata duniya.

Wayar Suhail ta fara ja baya. Daga mako-mako ta koma sai an ga dama. Hajo ta ce aiki ne ya yi yawa.

Sai ciwon ƙoda ya kama ta. Aka yi ta zirga-zirgar asibiti, ƙafafunta suka kumbura, zoben hannunta sai da aka yanke shi. Duk wanda ya ce a sanar da Suhail sai ta juya masa ƙeya. Idan ya kira, sai a tashe ta zaune, ta gyara ɗankwali, ta yi gaisuwarta biyu da addu'arta ɗaya. Murya mai rauni da murya mai ladabi kusan ɗaya suke a waya. Ranar ƙarshe, da hantsi, ta buɗe ido ta ce, "Suhail." Malam bai taɓa jin sunan a bakinta ba. Radiya ta zabura ta ɗauko waya. Hajo ta kama tsintsiyar hannunta da ɗan ƙarfin da ya rage mata.

"Bari," ta ce. "Yana aiki."

Kafin la'asar an rufe ta. Sai bayan an dawo daga maƙabarta aka karya dokar aka kira shi, don mai dokar ba ta nan.

Ya iso bayan an tashi daga zaman makoki, an naɗe tabarmi, an mayar wa maƙwabta butocinsu. Masu zuwa gaisuwa sun gama faɗin halayen kirki na marigayiyar, har da waɗanda ba su amsa sallamarta ba shekara da shekaru. Malam na zaune a zaure da littafi a buɗe a cinya lokacin da mota ta tsaya a bakin lungun, don lungunan unguwarsu ta Ƙofar Gayan ba a gina su saboda mota ba. Ya ga mutum mai gemu da furfura jefi-jefi ya shigo da jaka ɗaya. Sai da mutumin ya durƙusa ya gane wuyan ɗansa.

"Baba, ya haƙuri?"

"Da godiya. Ya hanya?"

"Alhamdu lillahi. Allah ya jiƙan Inna."

"Amin. Shiga ciki, gwaggonka na nan."

Ya jira tambayar. Ba ta zo ba. Suhail ya tashi ya shige, Malam ya rufe littafin ya bi bayansa.

Gwaggo Ladi ta taso daga bakin murhu ta rungume shi tana hawaye, amma da raɗa take magana. "Sannu, ɗan nan. Sannu da zuwa. Ka ga yadda ka rame, can ba sa tuwo ne?"

"Gwaggo, mura kike yi?"

"Mura kuma? Ni da ko a sanyi ba na mura. Ai don kada in..."

"Ladi, tukunyarki na ƙonewa," in ji Malam.

Tukunyar ba ta ƙonewa. Ladi ta harare shi, ta koma. Ba tausayi ne ya sa ya katse ta ba. Kalmar tasa ce, ya yi kwana da kwanaki yana wasa ta, ba zai bari wata ta zubar da ita a bakin murhu ba.

Radiya ta zo daga gidan mijinta a Ƙofar Jatau. Suka gaisa da wanta, suka yi kuka tare. Suhail ya shiga ɗakin uwarsa ya daɗe. Da ya fito idanunsa sun yi ja, ya ce yana so a kai shi kabarin.

Shi da Malam suka tafi bayan la'asar sakaliya. Farkon bazara ne, ƙasa na fitar da zafin da ta sha tun safe. Suhail ya tsuguna a gaban tudun ƙasar da aka ɗora wa fasasshiyar tukunya, ya yi addu'a mai tsawo. Malam ya tsaya daga baya yana kallon takalmansa, masu kauri irin na hawan dutse. A masallacin bakin ƙofa suka yi magariba. Da suka fito wuta ta ɗauke, unguwar ta yi duhu baki ɗaya, masu janareto kuma ba su riga sun tayar ba. Malam ya karkata ya hau wani guntun ganuwa da ruwan sama da masu ɗibar ƙasa suka rage, Suhail ya riƙe masa gwiwar hannu. Bai ƙwace ba, amma bai gode ba.

Can kudu, sama da rassan wani rimi kaɗan, tauraro ɗaya mai haske yana ta ƙiftawa, fari, ja, shuɗi, kamar fitilar da ke neman mutuwa.

"Ga mai sunanka," in ji Malam.

Shi ya zaɓi sunan daga littattafai. Mutanen unguwa sun yi ta gunaguni a lokacin, wai ga sunayen annabawa da sahabbai birjik, sai na tauraro. Hajo ce kaɗai ba ta ce komai ba, don ko ba komai ba za ta faɗe shi ba.

"A can kusan saman kai yake wucewa," in ji Suhail. "Ba ya rawa haka."

Malam ya ga ƙofar magana ta buɗe. Ya gyara tsayuwa kamar yadda yake yi a gaban allo.

"To, ya aikin? An ci ƙarfin hayaniyar?"

Suhail ya waiwayo da mamaki. "Ashe ka tuna."

"Ni ba na manta kalma. Yi min bayani. Dalla-dalla, kamar kana gaban aji."

Ya yi tsammanin ɗan zai yi gajeren bayani na masu ganin iyayensu ba za su gane ba. Sai ya ji muryarsa ta warware, karo na farko tun da ya iso.

"Ka ga yadda yake ƙiftawa? Ba shi ne ke yi ba, iska ce. Haskensa ya yi tafiyar ɗaruruwan shekaru a miƙe, sai a ɗan taƙin ƙarshen nan iskarmu ta wargaza shi. Kamar ka jefa kwabo a randa ka motsa ruwan, kwabon na nan inda yake, amma idonka na ganinsa yana rawa. Komai girman madubin hangen taurari, haka iska za ta dama masa hoto. Sai aka ƙera wani madubi siriri mai lanƙwasuwa, da ɗaruruwan 'yan yatsun ƙarfe a bayansa suna tura shi. Iska ta karkata hasken dama, madubin ya karkata hagu, hoton ya miƙe."

"Wa ke gaya wa madubin inda zai karkata?"

"Yauwa. Nan aikina yake. Akwai kyamara da ke zuba wa tauraro ɗaya ido, tana auna yadda iska ta murɗe haskensa. Amma iska ba ta jira. Dole kyamarar ta ɗauki hoto fiye da sau dubu a daƙiƙa ɗaya, in ba haka ba ta ba da labarin abin da ya riga ya wuce. To hoton da aka ɗauka da wannan sauri, hasken da ke shiga cikinsa ƙwayoyi ne 'yan kaɗan, ana iya ƙirga su. Idon kyamarar kuma shi kansa yana da nasa ƙarairayin. Duk sanda aka karanta shi sai ya ƙara ƙwayoyin da ba su zo daga ko'ina ba. Idan na ƙarya suka fi na gaskiya, madubin ya bi ƙarya. Shi ya sa muke sanyaya shi fiye da ƙanƙara nesa ba kusa ba, muke sake ƙirar hanyar karanta shi. Yanzu mun kai inda ƙaryarsa ba ta kai ƙwaya ɗaya ba."

"Madalla. Hayaniyar fa? A ina take shigowa?"

"Ai ita nake faɗa maka. Ƙwayoyin ƙaryar nan su ne hayaniyar. Tsaya ka gani."

Ya ciro wayarsa, ya ɗaga ta kudu, ya ɗauki hoton tauraron, ya buɗa hoton da yatsu biyu ya miƙa wa uban. Malam ya matso da ita kusa da tabarau. Ɗigo ɗaya fari a tsakiya, kewaye da shi duhun ya yi tsaki-tsaki, ja da kore da toka, kamar an watsa dusa a baƙin zane.

"Ka ga wannan tsakin? Babu shi a sama. Wayar ce ta ƙirƙiro shi. Ita ce hayaniya."

Malam ya dubi hoton. Sannan a hankali ya ɗaga wayar ya kanga a kunne. Suhail ya yi dariya, dariya ta gaske, irin ta uwarsa.

"Baba, ai ba ta da sauti."

"Ba ta da sauti."

"Ko kaɗan. Turawa ne suka sa mata noyis, ni kuma ban sami wata Hausar ba sai hayaniya."

Janareton wani shago ya tashi a ƙasa. Malam ya sauke wayar daga kunne.

"Idan wani ya yi magana da ƙarfi a ɗakin aikin naku fa?"

"Dole ma mu yi da ƙarfi. Injin sanyin nan ruri yake yi safe da yamma. Akwai wani abokin aikina da rediyo yake kunna mana, waƙoƙinsu marasa daɗi."

"Idan aka kira ka a waya?"

"Sai in fita in amsa." Dariyar ta bar muryarsa. "Ba a dai kira ba."

Ya karɓi wayar ya mayar aljihu, ya ci gaba yana kallon kudu, ba ya kallon uban.

"Ka san me ya sa nake kira a da? Ba don gaisuwar ba. Can idan ka fita waje babu tsuntsu, babu akuya, babu kowa, dutse ne da iska. Sai in kira gida in ji turmin Gwaggo, in ji Inna na faɗa da mai manja, in ji awaki. In ajiye wayar a kan tebur ina aiki ina ji. Sai aka wayi gari na kira na ji tsit. Inna ta gaishe ni kamar baƙo, ta sallame ni. Na sake kira, haka. Na ce to, fushi ake yi da ni don na ƙi dawowa. Na ce bari in rage damun mutane."

Malam ya tuno ajinsa. Akwai babi guda a littattafan da ya koyar, na lafazi ɗaya mai ma'ana biyu. Ya sha tsayar da yara a rana saboda shi. Yakan ce musu, kafin ka yi hukunci da kalma, tambayi mai ita wacce yake nufi. Yana zaune a tsakar gida ranar da aka yi wayar, da littafi a hannu. Tambaya ɗaya ce. Bai yi ta ba, shi da matarsa da 'yarsa mai digiri, suka ɗauki kalmar da ma'anar da ake sayar da ita a kasuwa, suka gina mata ɗaki a gidan, suka zauna a ciki har Hajo ta mutu.

Ya taɓa amsar da ya tanada da harshe. Tana nan, da kaifinta. Da safe makami ne na ladabtar da ɗan da ya fi son aikinsa. Yanzu idan ya faɗe ta, mutumin nan zai koma kan dutsensa da sanin cewa wasa ɗaya da ya yi da gajiya, fassara ɗaya ta ganganci, ita ta hana uwarsa jin muryarsa tana mutuwa. Kuma kalmar ba za ta bar shi ba. Ita ce aikinsa, da ita zai karya kumallo kullum.

"Mu sauka," ya ce. "Sauro."

A tsakar gida Radiya ta kunna fitila mai caji ta ajiye tuwo. Ladi na bakin ƙofar ɗakinta tana jan carbi. Suhail ya wanke hannu, ya kai loma ɗaya, ya ajiye. Ya dubi ƙanwarsa, ya dubi ubansa.

"Na yi ta haƙuri tun da rana don kada in yi tambayar nan da zafi. Wata nawa Inna ta yi tana jinya?"

"Tun kafin damina," in ji Radiya.

"Tun kafin damina. Na kira a cikin watannin nan. Ke kika riƙe wayar. Me ya sa ba wanda ya ce min komai?"

Radiya ta sunkuyar da kai, sannan ta ɗago da hawaye da ɗan fushin wadda ta yi wankin jinya ita kaɗai. "Yaya, ai kai ne ka..."

"Ni ne," in ji Malam.

Carbin Ladi ya tsaya.

"Ni na hana. Na ce duk wanda ya gaya maka ban yafe ba."

"Baba," in ji Radiya.

"Ba da ke nake ba."

Suhail ya zuba masa ido. "Saboda me?"

Malam ya san ƙarya mai taushi ba ta karɓuwa daga bakinsa, ba wanda ya san shi da taushi. Ya nemo wadda ta yi kama da shi.

"Mutumin da ya bar uwarsa ya tafi gyaran hoton taurari, na ga bai kamata a katse shi ba. Na ce mu gani ko taurarin za su gaya maka."

"Shiru ɗin da ake min a waya fa?"

"Ni na sa."

Suhail ya goge hannunsa a gwiwa, a hankali, yatsa bayan yatsa. Da ya sake magana muryarsa ta yi ƙasa.

"Ta neme ni?"

"Ta kira sunanka. Ranar da za ta rasu, da hantsi."

"Sunana? Inna?"

"Da bakinta. Radiya ta ɗauko waya. Na ƙwace."

Ba a yi ihu ba. Suhail ɗan gidan ne, ba zai ɗaga wa ubansa murya ba ko da duniya za ta tashi. Ya miƙe, ya ce, "Allah ya jiƙan Inna," ya ɗauki jakarsa daga bakin ɗakin da aka share masa. Ya ce wa Radiya zai sauka a gidanta idan mijinta ba zai damu ba. A bakin zaure ya tsaya kamar zai juyo. Sai ƙarar takalman hawan dutsen ta bi lungu.

Ladi ce ta fara magana, kuma ba da raɗa ba.

"Muntasir, ƙarya da furfura? A gabana? Ni na ga hannun Hajo a kan hannun yarinyar nan. Kai kana can bakin ƙofa kana muzurai kamar mujiya."

"Na ji."

"Ka ji me? Ka kori ɗanka da bakinka. Dama tun kana yaro haka kake, a ba ka fura ka nemi tsakuwa a ciki."

"Hayaniyar ba ta da sauti, Ladi."

"Wace hayaniya?"

Ya faɗa musu, a gajarce, ba tare da kwabo da randa ba. Tsaki ne a cikin hoto. Ɗakin aikinsa ya fi injin niƙa ƙara. Wayarsa a kunne take kullum. Turmin yake kira ya ji.

Radiya ta toshe baki da mayafi. Ladi ta daɗe tana kallon turmin da ke kife a gindin bango.

"Kenan duk tsayar da dakan nan da na yi..."

"A banza."

"Wayyo Hajo," in ji Ladi. "Wayyo baiwar Allah."

"Sai a gaya masa gaskiya, Baba," in ji Radiya. "Kuskure ne. Ba laifin kowa ba ne."

"Je ki gaya masa ba laifin kowa ba ne. Ki ga ko zai yarda. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana farautar ƙwaya ɗaya ta kuskure." Ya tura kwanon tuwon gefe. "Uba mugu abu ne da ake iya ɗauka. Rabin garin nan da shi suke yawo, kuma suna cin abincinsu. Wancan ba zai ɗauku ba. Ku yi min alkawari, ku biyun."

Ladi ta ce ita ba ta alkawari da maƙaryaci. Sannan ta yi. Radiya ta yi nata da kai, ta ɗauki mayafi ta bi wanta.

Suhail ya yi 'yan kwanaki a Ƙofar Jatau. Kullum yana zuwa kabarin, yana biyowa ya gai da gwaggonsa a lokacin da ya san uban na masallaci. Ranar tafiya ya zo zaure ya durƙusa, ya ce, "Zan koma." Malam ya ce, "Allah ya kiyaye hanya." Dukansu ba wanda ya fi wani ladabi.

Damina ta zo ta ci wani yanki na guntun ganuwar. Tauraron ya daina fitowa da magariba. Suhail na kiran Radiya a kai a kai yanzu, yana aiko wa Ladi da maganin gwiwa, yana cewa a gai da mutanen gida, jimla guda da ba ta ware kowa ba.

Wata ranar Juma'a da hantsi Radiya ta zo gidan. Malam na ɗakinsa da littafi, Ladi na dakan gero a tsakar gida. Wayar Radiya ta yi ƙara.

"Yaya ne," ta ce.

Taɓaryar ta tsaya a sama. Hannu ya riga ya saba. Awakin ma, da suka ga an nufi wajen harawa, suka yi tsit.

Malam ya ji shirun ya shigo har ɗakinsa. Ya ajiye littafin, ya ɗaga labule, ya daka tsawar da ya manta yana da ita.

"Daka mana, Ladi! Wa ya ce ki tsaya? Daka da ƙarfi!"

Taɓarya ta sauka. Ta sake sauka. Wata akuya ta ɗaga murya. Radiya ta ɗaga wayar sama, ta juya ta wajen turmin.

Daga cikin wayar muryar Suhail ta fito, a sarari, har bakin labulen.

"Muryar Baba ce wannan? A gidan kike?"

"E, Yaya."

"To bari, na sake kira idan kin koma."

Wayar ta mutu. Ladi ta dubi ƙanenta, taɓarya a hannu.

"Ci gaba," ya ce. "Geron bai daku ba."

Ya saki labulen.